Inci nawa ya isa? Lissafin da ke bayan gajeriyar bindiga

A hawan Sallar da ta wuce ina tsaye a gefen Filin Kangiwa na Katsina, daura da Ƙofar Soro, tare da ɗan ƙanwata. 'Yan bindigar Sarki suka zo wucewa da bindigoginsu na toka zaƙo-zaƙo, waɗanda in an kafa gindinsu a ƙasa bakinsu sai ya kusa taɓa haɓar mai riƙe da su. Kalmar nan 'yan bindiga, da muka tashi muna jin ta a bakin 'yan kallon hawa cikin murna, yau ta koma sunan mutanen daji, amma wannan zance ne na wata rana. Ba a jima ba sai ga motar jami'an tsaro, ɗaya daga cikinsu yana rataye da wata baƙar guntuwar bindiga da ba ta fi kamu ɗaya da rabi ba. Yaron ya taɓo ni ya ce, "Kawu, waccan 'yar guntuwar ai ita ce ta zamani ko? To mi ya hana a saya ma kowa irinta, a huta da ɗaukar sanduna?"

Na ce masa ya bari mu koma gida, domin amsar ba ta mai tsaye cikin rana ba ce.

Kafin mu yi nisa, wannan ba zancen abin da ni ko kai za mu saya mu ajiye a ɗaki ba ne. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ke nan tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi, waɗanda izininsu ke hannun shugaban ƙasa, irin na farauta, da lasisinsu ke wajen Sufeto-Janar na 'yan sanda, sai na ɗuri irin na maharba, da kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da takardarsu. Dokar ma ta hana a datse bututun bindigar farauta mai santsin ciki ya gaza inci 20. Bindigogin da zan ambata a nan, ban da ta maharbi, duk na gida na farko ne. Sai dai da kuɗin jama'a ake sayen su, 'ya'yan jama'a ne ke rataye da su a Jibiya da Batsari da Faskari, kuma tun da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, zancen kayan aikin tsaro ya shigo zaurukan hira da teburan mai shayi. Mai biyan kuɗi yana da haƙƙin sanin abin da aka sayo da abin da aka baro.

Da yawa suna ɗaukar bututun bindiga a matsayin hanya kawai da harsashi ke bi don ya san inda ya dosa. Aikinsa ya wuce nan. Idan aka ja kunama, albarushin da ke cikin kwanso ba ya tashi gaba ɗaya a lokaci guda. Ci yake yi da wuta cikin tsananin sauri, ya zama huci mai neman mafita, mafitar kuwa ɗaya ce, wato ya tura ƙwayar harsashi gaba. Mai faci yakan sa wa tayar ƙaramar mota iska 30 zuwa 35 a ma'auninsa. A wannan ma'aunin dai, matsin da ke bayan harsashin soja mai kaurin milimita 5.56 yana haura 50,000, kuma daga tashin wutar zuwa fitar ƙwayar bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Muddin ƙwayar tana cikin bututu, hucin yana bin ta da turi tana ƙara gudu. Da ta leƙo waje turi ya ƙare, sauran hucin ya watse a iska ya zama ƙara da harshen wuta. Saboda haka tsawon bututu shi ne faɗin filin da aka ba albarushi ya yi aikinsa.

Alƙaluman sojan Amurka sun fi sauƙin bi, domin harsashi iri ɗaya suke harbawa a bututu uku mabambanta. M16, wadda asalinta ƙirar Eugene Stoner ce ta shekarun 1950, tana da bututu mai inci 20, kuma ƙwaya mai nauyin giram 4 tana fita daga bakinta da gudun kusan mita 950 a sakan. M4, da aka karɓa a 1994, inci 14.5 gare ta, gudun ya sauko kusan mita 880. Mk 18 ta dakarun ruwa na musamman, mai inci 10.3, ba ta kai mita 800 ba. In ka duba sama-sama za ka ce asarar ba ta taka kara ta karya ba, tunda tsakanin ta farko da ta ƙarshe gudun ya ragu da kashi 17 cikin 100 ne kawai. To amma ƙarfin dukan abu mai gudu ba ya bin gudun kai tsaye, yana bin gudun ne in an ninka shi da kansa. Shi ya sa ragin kashi 17 a gudu ya zama ragin kusan kashi 30 a ƙarfi, tun ƙwayar ba ta yi tafiyar taku ɗaya ba. Ita kuwa 5.56 'yar ƙaramar ƙwaya ce wadda duk jarinta gudu ne. In ka karɓe mata gudu, ka karɓe mata abin da aka yi ta dominsa.

Lura da wani abu a cikin alƙaluman nan. Inci biyar da rabi na farko da aka rage, daga 20 zuwa 14.5, sun ci kusan mita 70. Inci huɗu da 'yan kai na biyu sun ci kusan mita 90. Kullum aka matso kusa da gurbin harsashi, inda matsin ya fi ƙarfi, kowane inci yana ƙara tsada.

Harsashin AK-47 da muka fi sani a ƙasar nan, mai milimita 7.62, halinsa daban. Ƙwayarsa ta kusa giram 8, wato ninki biyu na waccan, tana fita daga bututu mai milimita 415, inci 16 da ɗan ɗori ke nan, da gudun kusan mita 715. Ramin bututunsa ya fi faɗi idan aka gwada da yawan albarushin da ke cikinsa, don haka hucin yana samun wurin buɗewa da wuri, yana gama yawancin aikinsa tun ƙwayar ba ta yi nisa ba. Irin wannan harsashi in an rage masa bututu asararsa ba ta kai ta 5.56 ba. Na G3 kuwa, wanda kaurinsa 7.62 ne shi ma amma kwansonsa dogo ne cike da albarushi, shi ne ya fi kowa ƙin gajeren bututu: asalin G3 milimita 450 gare ta, kuma guntuwarta mai 315 ta yi suna wajen aman wuta. Ka ga ke nan tambayar "inci nawa" ba ta da amsa sai an faɗi wane harsashi.

Akwai wata magana da ake yawan yi wadda ba haka take ba, cewa doguwar bindiga ta fi saiti. Idan aka ɗaure bindigogin biyu a kan abin riƙewa aka harba, gajeren bututu mai kauri yana iya tara harsasai wuri ɗaya kamar dogo, wani lokaci ma ya fi shi, saboda ba ya rawa sosai. Abin da ke sa a ga doguwar ta fi shi ne, in da saitin ƙarfe ake aiki, tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ta fi yawa, kuskuren ido yana raguwa. Sannan ƙwaya mai gudu ba ta saurin sunkuyawa ƙasa, iska kuma ba ta samun lokacin karkatar da ita. A mita 50 duk ɗaya ne. A mita 300, cikin iskar hunturu da ke kaɗawa daga gefe, bambancin yana fitowa fili.

Duk wannan zancen gudu ne, kuma shi ne ɓangare mai sauƙi. Inda gizo ke saƙa shi ne ko bindigar za ta tashi a harbi na biyu da na ɗari.

Bindigar maharbi ba ta da wannan damuwa. Ya ɗura mata albarushi ta baki, ya danna da sanda, ya harba sau ɗaya, shi ke nan sai ya sake ɗuri. Ba banza ba aka yi mata laƙabi da harba-ka-ruga. Tsawonta yana ba albarushin gargajiya, mai ƙarancin matsi, fili, yana kuma taimakon ido wajen auna nama, amma da za a rage ta ba abin da zai hana ta tashi. Bindigar soja kuwa ita ke ɗura wa kanta, kuma da hucin harsashin da ta harba take yin ɗurin na gaba. A saman bututunta akwai wata 'yar huda. Idan ƙwaya ta wuce hudar, wani kaso na hucin da ke bin ta sai ya ratse ta nan ya koma baya. A dangin M16 wani siririn bututu ne ke kai shi har cikin abin da ke ɗauke da sakatar da ta kulle harsashi. A AK kuwa fistin yake bugawa, fistin ya tura. Ko ta wace hanya, sakata ta murɗe ta buɗe, wata 'yar ƙugiya ta fizgo kwanson da aka harba ta jefar, sifirin ya dawo da sakatar gaba, ta kwaso sabon harsashi daga magazin ta kulle. Duk wanda ya taɓa zama a garejin kanikawa ya ji ana cewa taimin ɗin mota ya goce zai gane cewa wannan ma inji ne mai taimin.

Hucin da ke yin wannan aiki yana samuwa ne a ɗan tsakanin lokacin da ƙwaya ta wuce huda da lokacin da ta fita baki. Kafin ta wuce, huda ba ta ganin komai. Bayan ta fita, matsi ya zube. Don haka tsawon bututun da ya rage a gaban huda shi ne ke yanke tsawon turin da sakata za ta samu. A M16 wannan saura ya kusa inci 7. Da aka zo ƙera M4 aka rage bututu, sai aka ja hudar baya, saura ya zauna kusan inci 7 ɗin nan. A Mk 18 kuwa hudar tana inda take a M4, an rage bututu ne daga gaba, sauran bai kai inci 3 ba.

Kwatanta da turin mota da ta mutu a kan hanya. Mutum biyar su sa hannu su tura ta taku goma a hankali har ta ɗauka, wannan hanya ɗaya ce. Hanya ta biyu, a ce taku uku kawai aka ba su, don haka dole su rugo da gudu su banke ta. Motar tana iya tashi, amma wata rana bankar ba za ta isa ba, wata rana kuma za ta yi yawa har a lotsa but. Gajeriyar bindiga a hanya ta biyu take. Tunda lokacin turi ya ragu, masu ƙira sukan saki huci mai yawa ya shiga a ɗan lokacin, aikin ya zama duka maimakon turi. Ranar da harsashi ya zo da rauni, ko datti ya taru, sakata ba za ta kai ƙarshen tafiyarta ba, sai ta dawo ba ta kwaso komai ba, ko ta cije da harsashi rabi a ciki. Ranar da harsashi ya zo da zafi, sakata ta yi gudun da ya wuce kima, ta dawo tun magazin bai ɗago na gaba ba. Tazarar da ke tsakanin "bai isa ba" da "ya yi yawa" ita ce ke ƙuntata kullum aka rage inci, kuma wannan tazara ita ce abin da soja ke nufi in ya ce bindiga ba ta ba da kunya.

Ja da huda baya ma yana da nasa haraji. Kusa da gurbin harsashi hucin ya fi zafi, ya fi matsi, kuma yana isa ga sakata da wuri. A daidai lokacin kwanson tagulla yana nan a kumbure, manne da bangon gurbinsa, bai gama saki ba. Ƙugiya ta zo fizgar abin da bai shirya fita ba: ko ta zame ta bar shi a ciki, ko ta yage masa baki. Kwanso da ya maƙale a gurbi ba ya fita da jan hannu, sai an zura sanda ta baki an bugo shi, kuma ba kowane wuri ne mutum ke da sukunin yin haka ba. Shi ya sa gajerun bindigogin wannan dangi suke zuwa da ƙugiya mai ƙarfin sifirin da abin rage gudun sakata mai nauyi, kuma duk da haka sakatarsu da bakin hudarsu suna riga na dogaye gajiya.

Tarihi ya riga ya yi wannan gwajin. A yaƙin Biyetnam Amurkawa sun fito da guntuwar M16 mai inci 10, wadda ake kira XM177. Wuta da ƙarar da take yi sun sa dole aka ɗaura mata wani dogon ƙarfe a baki mai fiye da inci 4, wanda ya cinye kusan rabin gajartar da aka nema. A 1967 aka fito da sabon samfurinta mai inci 11.5, don a rage wutar a kuma sami wurin ɗaura abin harba gurneti. Wannan lamba ta 11.5 har yau ita masu ƙira da yawa ke komawa gare ta, kuma dalilin yana cikin lissafin da muka yi a sama. Daga 10.3 zuwa 11.5 ƙarin inci ɗaya ne da ɗan kai, abin da hannu ba zai ma ji ba, amma sauran bututun da ke gaban huda ya tashi daga ƙasa da inci 3 zuwa kusan 4, ƙarin da ya haura kashi ɗaya cikin uku. Da wuya a sami wani inci ɗaya a jikin bindigar da ke biyan kuɗinsa kamar wannan. Mk 18 ta zauna a 10.3 ne saboda aikin da aka yi ta dominsa, shiga cikin jiragen ruwa da ɗakuna masu ƙunci, a hannun mutanen da ke da makanikan makamai a bayansu suna canza musu kayan ciki kafin su gaji.

Rashawa ma sun bi ta wannan hanya. A 1979 suka karɓi AKS-74U, guntuwar AK-74, mai bututu kusan milimita 206, rabin na uwarta. An yi ta ne don direbobin tankoki da masu harba igwa da ire-irensu, waɗanda bindiga ba ita ce babban aikinsu ba. Ba yanke bututu kawai suka yi ba. Sun ja mazaunin fistin baya, sun ƙara matse murɗin tsagar da ke cikin bututu don ƙwaya ta samu juyin da zai daidaita ta, sannan suka sa wani kurtu a baki wanda ke riƙe huci na ɗan lokaci, ya ƙarasa ƙone albarushi ya kuma taimaka wa fistin. Duk da haka gudun ya faɗo daga kusan mita 900 zuwa kusan 735, ga saurin ɗaukar zafi. Da suka zo sabunta dangin AK a shekarun 1990, gajerun da suka fitar, AK-102 da AK-104 da AK-105, milimita 314 suka ba su, wato inci 12 da ɗori. Mutanen da ba su ga maciji da juna, kowa da harsashinsa da salon ƙirarsa, sun gangaro sun tsaya tsakanin inci 11 da 13. Ni dai wannan haɗuwa ta fi gamsar da ni fiye da duk wata tallar kamfani.

AK tana da rangwame a nan wanda ya kamata a faɗa. Mikhail Kalashnikov ya bar sarari tsakanin sassanta, ya ba fistin huci fiye da buƙata, abin da ke ɗauke da sakatarta yana da nauyi, kwanson harsashinta kuma tsukakke ne ta gaba kamar mazurari, yana saurin sakin bango. Wannan ya sa tana haƙuri da abubuwan da ke tsayar da wasu. Amma haƙurin nan na AK ɗin da aka ƙera ne yadda take. Lokaci-lokaci akan nuna makaman da aka kama, a ga wadda aka datse wa baki da zarto don a ɓoye ta cikin riga. Ban da kasancewarsa babban laifi, aikin banza ne: an ɓata bakin da ke sallamar ƙwaya daidai, an yar da saitin gaba, an rikita taimin. Gajeriyar bindiga tun daga takardar zane ake yin ta gajeriya.

Sai kuma ƙasarmu da yanayinta, waɗanda ba a rubuta su a takardar kamfani. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, in ta haɗu da man da aka shafa wa sakata da baƙin hayaƙin albarushi sai ta zama kamar kwaɓaɓɓen toka. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, harsashin da ya wuni a bayan Hilux cikin rana kuwa matsinsa yana ƙaruwa in an harba shi. Hunturu yana jan bindiga wajen "bai isa ba", bazara tana jan ta wajen "ya yi yawa". Ƙara da cewa harsasan da ke ma'ajiya ba lallai su zama na masana'anta ɗaya ko na shekara ɗaya ba. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da abin da ya sami M16 a farkon zuwanta Biyetnam, doguwa ce ma ba guntuwa ba. An canza irin albarushin da aka gwada ta da shi, ba a shafe gurbin harsashi da ƙarfen da ke hana tsatsa ba, ba a raba kayan wanki yadda ya kamata ba, sai ta riƙa cijewa a fagen fama har sojoji suka rasa rayuka, majalisar dokokin Amurka ta kafa kwamitin bincike a 1967. In canjin albarushi ya yi wa mai inci 20 haka, mai inci 10 da ba ta da rarar haƙuri fa?

Ƙara da wuta su ma ba ado ba ne. Likitocin kunne suna sa iyakar ƙara mai zuwa farat ɗaya a desibel 140, harbin bindigar soja kuwa yana kai 160 ko fiye. Gajeren bututu yana sakin huci tun matsinsa yana sama, kuma bakinsa ya fi kusa da fuskar mai harbi da na kusa da shi. A cikin ɗaki ko mota abin ya fi muni, ga shi kuwa don ɗaki da mota aka yi ta. Da dare harshen wutar yana kashe wa mai harbi ido na ɗan lokaci, yana kuma nuna wa na nesa inda yake. Maganin da rundunonin da ke da hali suke yi shi ne ɗaura salansa, wato abin rage ƙarar harbi, sai dai salansa tana mayar da tsawon da aka rage, tana ƙara turo huci da datti baya cikin inji, sannan kuɗi ce. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma a nan ba mai sayen ba ne ke jiƙewa, yaron da aka miƙa wa ita ne, wanda zai yi ritaya yana cewa "na'am?" sau uku kafin ya ji magana.

Akwai harsashin da aka yi musamman don gajeren bututu, .300 Blackout, wanda aka amince da ma'auninsa a Amurka a 2011; albarushinsa mai saurin ci ne, yana gama aikinsa a wajen inci 9. A takarda ya warware matsalar. A ƙasa kuwa, runduna ba ta zaɓen harsashin da babu shi a ma'ajiyarta, ga kuma haɗarin da aka sani cewa yana iya shiga gurbin 5.56 bisa kuskure ya tarwatsa bindigar a hannun mai ita. Mu nan abin da ya wadata shi ne na AK, har masana'antar DICON ta Kaduna, da aka kafa a 1964, ta fitar da nata samfurin AK ɗin mai suna OBJ-006.

Abin da na fi so ɗan ƙanwata ya gane shi ne, mai neman gajarta ba dole ne ya fara da bututu ba. Abin da ke damun mutum a cikin mota ko a kan babur tsawon bindigar ne gaba ɗaya. AKM mai gindin katako santimita 88 ce. 'Yar'uwarta mai gindin ƙarfe da ake naɗewa, in an naɗe ba ta kai 70 ba, alhali bututunsu ɗaya ne, gudunsu ɗaya, taimin ɗinsu ɗaya. Akwai kuma ƙirar da ake mayar da magazin da sakata bayan kunama, cikin gindin bindigar. Steyr AUG ta Ostiriya tana ɗauke da bututu mai inci 20 cif a jiki mai santimita 79, ta fi M4 mai inci 14.5 gajarta in an zare gindin M4 ɗin. Tavor ta Isra'ila ma haka tsarinta yake. Suna da nasu aibin, canza magazin yana son sabo, kunamarsu ba ta da laushi, amma sun nuna cewa ana iya rage santimita 20 ba a taɓa filin albarushi ba.

A Amurka, inda wannan muhawara ta fi zafi tsakanin fararen hula, lambar 16 da ake ta ambato ba daga ilimin harbi ta fito ba. Dokarsu ta 1934 ce ta sa rajista da harajin dala 200 a wancan lokacin a kan gajerun bindigogi, iyakar kuma ta zauna a inci 16 tun 1960. Layi ne na doka, albarushi bai san da shi ba. Faransa kuwa, da ta tashi maye gurbin bindigar sojanta FAMAS da HK416, ba ta tsaya neman lamba ɗaya ba: ta sayi mai inci 14.5 ga sojan ƙasa da ke gaba, mai inci 11 ga waɗanda aikinsu ya fi yawa a cikin motoci da bayan fage.

In da za a tambaye ni a kan jiharmu, zan fara da tambayar wata. A Agusta, dawa da gero sun fi mutum tsawo, wanda ke sintiri a gonakin Ɗanmusa ko bakin dajin Rugu ba ya ganin abin da ya wuce taku ashirin, kuma a nan guntuwa ba ta rasa komai. Bayan an yi girbi an kwashe kara, wannan wurin dai ya zama fili fetal, ido yana kai mita ɗari huɗu ko fiye, kuma a haka yake zama fiye da rabin shekara. Ba a canza wa runduna bindiga da damina a sake canzawa da rani. Don haka ga mai sintiri na yau da kullum, AK mai cikakken bututunta da gindin naɗewa, ko 5.56 mai inci 14.5 zuwa 16, ita ce ke ɗaukar watanni goma sha biyun. Ga mai rakiyar manya, da direba, da wanda aikinsa shiga gidaje ne a lungunan cikin birni, inci 11.5 a 5.56 ko wajen 12 a harsashin AK ya wadatar, da sharaɗin akwai makanikin makamai da ke lissafin harbin da kowace ta yi, akwai sakata da ƙugiya da sifirin na canji a ajiye, akwai abin toshe kunne. Ƙasa da inci 10 a 5.56 kuwa, ban ga abin da ake samu da ya kai abin da ake bayarwa ba.

Jami'in da muka gani a Kangiwa rakiya yake yi, daga mota zuwa cunkoso, daga cunkoso zuwa mota, guntuwar ta dace da shi. Da na gama wannan dogon bayani da daddare a tsakar gida, yaron ya yi shiru, can ya ce, "To Kawu, shi wanda za a tura Safana cikin Fabrairu fa, in ita aka ba shi?" Na ce masa ranar da aka hango ƙurar babura daga nesa, zai so a ce an bar masa inci huɗun nan.